Tambayi Kawu Mai Lambu: saƙonnin masu fara shuka a gida

Assalamu alaikum 'ya'yana da ƙannena. Wannan karon saƙonnin da suka taru mini kusan duk na masu farawa ne, 'yan sakandare da waɗanda suka gama suna zaune gida, kuma sun zo a daidai gaɓa don ga damina ta naɗe tabarmarta, nan da 'yan makonni sanyi zai shigo, mu kuwa nan Kabi da Zamfara babu lokacin da kayan lambu suke so irin wannan. Na zaɓi guda bakwai, sauran ku yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Na bar wa kowa maganarsa yadda ya rubuto ta, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Slm Kawu ina wuni ina gajiya. Ni ɗaliba ce ina aji huɗu na sakandare, ina son in hwara lambu amma tsakar gidanmu duk siminti anka yi mata babu ƙasa ko kaɗan, kuma ban da kuɗɗi. Na ga wata a TikTok tana shuka cikin buhu har da tumatir, shin gaskiya ne ko ko wasan bidiyo ne? Kuma mi ya kamata in hwara shukawa? Ɗiyarka daga Argungu.

AMSA: Wa alaikis salam ɗiyata, lafiya lau. Gaskiya ne ba wasa ba, ni kaina yanzu haka akwai buhu goma sha biyu a jere jikin katangar bayan ɗakina. Abin da bidiyo ba ya nuna miki shi ne ɗaukar ruwa kullum ba fashi, da ranar da aka bar ƙofa buɗe akuya ta shigo. Shi ya sa nake roƙonki kada ki wuce buhu uku a farko, uku rak, in kin riƙe su wata biyu suna nan da ransu to sai ki ƙara.

Ki samo tsohon buhun shinkafa ko na siminti ki wanke shi tas, musamman na simintin, ki nannaɗe bakinsa har tsayinsa ya dawo kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannunki zuwa kan yatsu, sai ki sa wuƙa ki huda gindinsa wuri takwas ko goma har da gefe-gefen ƙasa. Wannan hujin kada ki raina shi fa, buhun da ruwa ba ya fita saiwa ruɓewa take a ciki, sai ki ga ganye ya yi ɗorawa ya langaɓe ki ɗauka ƙishirwa ce ki ƙara masa ruwa alhali ruwan ne ke kashe shi. Ki ɗora buhun kan duwatsu ko ɓallin bulo don simintin tsakar gida da rana yana ɗaukar zafin da zai dafa saiwa, kuma ki aje shi inda rana ke bugawa kamar awa shida, ranar safe zuwa azahar ta fi.

Sai ƙasa. Ku mutanen Argungu Allah Ya ba ku fadama, amma ƙasar fadama zalla laka ce, in ta bushe cikin buhu sai ta daskare ta tsattsage, ta jigawa zalla kuma ruwa wucewa yake kamar an zuba a kwando. Haɗawa ake yi: kwano biyu na ƙasa, kwano ɗaya na yashi, kwano ɗaya na takin awaki ko tumaki wanda ya tsufa ya yi baƙi ya daina wari. Ki yayyafa ruwa ki damƙa a hannu, in ta dunƙule amma da kin taɓa da yatsa ta wargaje to ta yi.

Abin da za ki fara da shi kuwa alayyahu ne, ban da shakka ko kaɗan a kan wannan. Ki bar tumatir tukuna. Alayyahu kwana uku zuwa biyar ya tsiro, mako uku zuwa huɗu kin fara yanka, yana yafe kuskure, kuma wanda bai taɓa shuka ba yana bukatar ya ga abin hannunsa cikin tukunyar miya da wuri don zuciyarsa ta ƙara ƙarfi. Irinsa ƙanana ne baƙaƙe masu sheƙi, in kika watsa shi haka nan wuri ɗaya zai taru, to ki ɗebi abin da yatsu uku suka kama ki cakuɗa da busasshen yashi tafi ɗaya ki barbaɗa, ki ɗan shafa ƙasa a kai da tafin hannu kada ki binne shi da zurfi. Ban ruwan farko ki huhhuda murfin gorar roba da allura ki riƙa yayyafawa, in kika kwara da kofi irin zai gudu gefe guda. In ya kai tsayin yatsa ki cire na cunkoso ki bar yatsu huɗu tsakani, wanda kika cire ma a miya za shi. Ranar yanka kada ki tuge, ki yanka sama ki bar ganye uku ko huɗu a ƙasa zai sake tohowa. In sanyi ya yi tsanani wajen Disamba da Janairu za ki ga ya ɗan rage sauri, ba laifinki ba ne, lokacin ne kuma latas ke jin daɗi sai ki ba shi buhu ɗaya. Sure da rama da lalo ki aje su sai damina.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Na sayi irin tumatir na leda na yafa a komi sunka tsiro gwanin sha'awa, bayan kwana goma sai na riƙa iske su kwance da safe, ƙugunsu ya motse awa an ɗaure da zare. Wlh sau ukku nika ba su ruwa kullum ban taɓa fashi ba. Abokina ya ce kambun baka ne. Mi ya jawo haka? Ɗanka daga Jega.

AMSA: Ɗana ba kambun baka ba ne, sau ukun nan ne. Na san da kyakkyawar niyya ka yi, amma jaririn tumatir ba ya son zama cikin laima dare da rana. Akwai wata cuta a cikin ƙasa dangin funfuna, in ta sami danshi da cunkoso sai ta kama tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa, in ka durƙusa ka duba za ka ga wurin ya yi ruwa-ruwa ya yi duhu ya sirance, sama kuma ganyen kore shar kamar ba abin da ya same shi, washegari ka tarar ya faɗi. Wanda ya riga ya kwanta ba ya tashi, ka cire su ka yar nesa.

Lokaci bai ƙure maka ba, ka sake sabon komi a wani wurin daban. Ka ɗan ɗaga shi sama da ƙasa kamar yatsu huɗu, ka tara busasshen kara a kai ka babbake kamar yadda iyayenmu ke yi, wutar na rage cuta da irin ciyawa, in ya huce ka gauraya tokar da ƙasa. Kada ka yafa, ka ja layi-layi da tsinke zurfin farce, tafin hannu guda tsakanin layi da layi, ka jera irin ɗai-ɗai, ka rufe da ƙasa kaɗan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Kwana biyar zuwa bakwai za su ɓullo, ranar da ka ga sun fara huda ƙasa ranar za ka kwashe ciyawar, in ka bar ta sai su yi tsawo su yi fari ba ƙarfi. Ruwa sau ɗaya da safe ya isa, kafin ka zuba ma ka soka yatsa gaɓa ɗaya, in ka ji danshi ka haƙura.

Mako uku zuwa huɗu, in sun yi ganye huɗu ko biyar sai dashe. Saura kwana huɗu ka fara rage musu ruwa su saba da wahala, ranar dashen ka jiƙa komin sosai don su fito da ƙasarsu, ka dasa bayan la'asar ba da rana tsaka ba, kamu ɗaya tsakanin gindi da gindi, ka nutsa karan har kusa da ganyen farko don tumatir yana fitar da saiwa ta jikin kara. Kwana biyu za ka gan su a yaushe kamar ba za su yi ba, kada hankalinka ya tashi.

Dalilin da ya sa nake gaggauta ka shi ne zafi. Tumatir in zafin rana ya haura maki 35 furensa kaɗewa yake ba ya ɗaura 'ya'ya, mu kuwa nan a Afrilu har 40 ake wucewa, don haka wanda ya yi reno a Oktoba ko Nuwamba shi ke cin moriyar sanyi, wata biyu zuwa biyu da rabi bayan dashe ya fara tsinka. Iri irin su UC82B da Roma VF sun saba da ƙasarmu kuma kana iya aje irinsu, amma in ka ga an rubuta F1 a jikin leda wannan aure aka yi masa, yana ba da amfani sosai sai dai 'ya'yansa ba sa gado uban, kada ka wahalar da kanka aje iri. In sun fara 'ya'ya ka daidaita ban ruwa, yau a kwara gobe a bar shi da ƙishi shi ke kawo baƙin nan na gindin tumatir. Baɗi kuma kada ka maida tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta wuri ɗaya, duk 'yan gida ɗaya ne cutarsu ɗaya, ka sa albasa ko masara a wurin.

TAMBAYA: Kawu mu 'yan ƙauye ne, shekara ukku ke nan da munka dawo Gusau saboda ɓarayin daji, gonar babanmu ba ta zuwuwa. Gidan haya muke akwai ɗan fili bayan ɗaki. Ni ne babba shekarata 19, ina son in rage ma innarmu kuɗin cefane amma ruwa saye muke wurin 'yan garuwa. Anya zai yiwu kuwa?

AMSA: Ɗana na daɗe riƙe da wayar nan bayan na karanta saƙonka. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya maida ku gonarku lafiya, Ya yi maka albarka da ka tuna da innarka. Zai yiwu, amma kai lissafinka daga jarka zai fara ba daga fili ba. Manomin da ke ƙarƙashin dam ɗin Bakolori can Talata Mafara yana iya buɗe ruwa ya cika fangali ya tsaya yana kallo, kai kuwa kowane kofi da kuɗi ka saye shi, to ka fara tambayar kanka jarka nawa za ka iya warewa kullum ba tare da an rasa na sha da girki ba. Yadda na gwada a wurina, jarka ɗaya mai lita 25 tana riƙe komi mai faɗin mita 1 da tsawon mita 4 a rana lokacin sanyi, in bazara ta shigo kuwa da ƙyar ta riƙe rabin haka. In jarka ɗaya kake iyawa to komi ɗaya za ka yi, ko da filin ya fi haka. Kuma ka fara neman izinin mai gida kafin ka sa fartanya.

Na rani komi a ƙasa ake yinsa, ka ɗan zurfafa cikinsa ka tayar da gefe don ruwa ya zauna, saɓanin na damina da ake ɗagawa. Da tsiro ya kai tsayin yatsa ka lulluɓe ƙasar da ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa kaurin yatsu biyu, ka ɗan janye shi daga jikin kara. Ka gwada da kanka ka gani, da azahar ka sa hannu ƙarƙashin ɓuntun za ka ji sanyi da danshi, inda ba a rufe ba kuma ƙasa ta yi fari tana ƙuna. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi ba a kan ganye ba.

Akwai dabarar tulu, tsohuwa ce kuma tana aiki. Ka sami tulun ƙasa ko tsohuwar tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata fenti ko siminti ba, ka binne ta har wuya ka cika da ruwa ka rufe bakin don sauro, ka dasa attaruhu uku ko huɗu kewaye da ita. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinta a hankali, saiwa kuma ta bi ta naɗe tulun, sai ka ga kwana uku ko huɗu kafin ka sake cikawa. In babu tulu gorar roba da ka yi wa huji biyu da allura ka binne gefen gindi ita ma tana taimakawa.

Sannan ruwan da kuke zubarwa a gida ba duka ne ya mutu ba. Ka aje roba inda ake alwala, ruwan wanke shinkafa da na wanke gero da na ɗaurayar kayan miya duk lambu yana so. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ruwan omo da na bilic da ruwan kwata, da mai gishiri ko maiƙo.

Me za ka shuka? Abin da innarka ke aikenka saye kullum wanda kuma ake tsinka ya sake fitowa: alayyahu, attaruhu, albasa mai lawashi, sai zogale, tamakka ke nan, gindi biyu a kusurwa amma ba jikin ginin mutane ba. Zogalen in ya kai ƙirjinka ka datse kansa don ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe sama ya fi ƙarfin hannu, kuma da ya kama ƙasa ruwa kaɗan yake nema. Kabeji da karas ka bar su, wata uku suna shan ruwanka sannan a cire sau ɗaya an gama.

TAMBAYA: Kawu na ɗebo kashin kaji a gidan kajin maƙwabcinmu na zuba ma kubewata da alayyahu don su yi ƙiba, kwana biyu duk sun ƙone. Ba an ce shi ya fi kowane taki ƙarfi ba? Daga Zuru.

AMSA: Ƙarfin nasa ne ya ƙone su ɗana. Ni ma ya taɓa faruwa da ni ina yaro, komin latas guda na yi wa haka da yamma, da safe na iske bakin ganyen ya soye, na zauna gefen komin ina kuka har kakana ya zo ya same ni, shi ya nuna mini ramin da yake tara nasa. Ɗanyen kashin kaji sai an jiƙa shi an tara da busasshen ganye ko ɓuntu, a rufe, a riƙa juyawa duk bayan mako biyu har wata biyu zuwa uku. In ka sa hannu tsakiya ka ji zafi ko warinsa ya bugi hancinka bai nuna ba. Ɗanye kuma yana ɗauke da cutar ciki, bai dace da ganyen da za a ci ba. Yanzu ka kwashe wanda ke sama ka ba wurin ruwa mai yawa kwana uku, mai sauran rai zai toho. Takin zamani ma haka yake ƙuna, NPK 15:15:15 cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ya ishi gindi guda, ka binne shi yatsu huɗu nesa da kara ka bi da ruwa. Ku na Zuru ruwanku yana riga namu sauka, baɗi da ya zauna ka jiƙa irin kubewa ya kwana sannan ka shuka, wata biyu ka fara tsinka.

TAMBAYA: Kawu ni matar aure ce shekarata 20 daga yankin Anka. Gidan da muke ciki an ce da can ana daka dutsen zinari a tsakar gidan. Ina son shuka kayan miya, ko da matsala?

AMSA: Ɗiyata Allah Ya saka miki da alheri da kika tambaya kafin ki shuka, akwai matsala babba, kada ki shuka komai a ƙasar gidan nan. Dutsen zinarin yankinku yana haɗe da dalma, kuma ba mu manta da 2010 ba lokacin da gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu, kuma daka dutse da niƙa shi a cikin gidaje ne sanadi. Maganin da aka yi wa gidajen shi ne kankare ƙasar sama a kwashe a kawo sabuwa, haka aka yi a Bagega a 2013. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta wari, ba a ganinta, dafuwa ba ta kashe ta, shekara nawa ta yi tana nan cikin ƙasa.

In kina son shuka to a buhu ko tsohuwar roba, da ƙasar da aka ɗebo daga gona mai nisa da inda ake haƙa ko niƙa ko wankin dutse, takin ma ba wanda aka share daga tsakar gidan ba, ki ɗora su sama kan benci ko bulo inda ƙura da fantsamar ruwa ba za su kai ba, ki wanke ganyen sosai kafin ki yanka. Turmi ko buhu ko kwanon da ya taɓa aikin dutse kada ya kusanci abinci ko shuka. Amma wallahi abin da ya fi damuna ba lambun ba ne, in akwai ƙananan yara a gidan masu rarrafe suna kai hannu baki, ki yi wa maigidanki magana yau ba gobe ba ku je asibiti ku faɗa musu tarihin gidan ku nemi a auna jinin yaran, in kina da juna biyu ke ma ki faɗa. Kafin nan ki riƙa shimfiɗa musu tabarma kina wanke musu hannu kafin su ci komai, ki yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi.

TAMBAYA: Kawu tsutsa da wasu fararen ƙwari sun addabi tumatir da alayyahuna. Yayana ya ce in fesa fiya-fiya ko Sniper. In fesa? Ƙanwarka daga Birnin Kebbi.

AMSA: A'a ƙanwata, kada ki fesa. Wannan guba ce mai ƙarfi, fiya-fiya ma haɗin kan titi ne ba ki san me ke ciki ba, alayyahu kuma ganyen da kika fesa shi za ki ba yara jibi. Lambun gida bai kai girman da zai gagari hannu ba. Kullum da safe ki juya bayan ganye ki duba, can ƙwai da tsutsa suke ɓuya, ki tsince ki watsa wa kaji, darɓa kuma ki murje ta da yatsa ko ki wanke da ruwa. Minti goma kullum, wanda ke yin haka da wuya ƙwari su riga shi.

Fararen nan da ke tashi in kin girgiza ganye farin ƙuda ne, su ke ɗauko cutar da ke sa kan tumatir ya ƙudundune ya yi ɗorawa ya daina girma, gindin da ya kamu ba ya warkewa ki tuge shi. In kuma kin ga ganyen tumatir da tabo fari kamar an kankare cikinsa an bar fata, ki ɗaga shi wajen rana za ki hango 'yar tsutsa a tsakiya, ita ce wadda manoman Kano ke kira sharon da ta yi wa tumatirin Arewa mummunar ɓarna a 2016. Ki tsinke ganyen ki ƙone ko ki binne da zurfi, kada ki yar a gefen komi.

Maganin da nake amfani da shi yana nan a kowane titi na Birnin Kebbi, 'ya'yan dogon yaro, darbejiya ke nan. Ki tsinto waɗanda suka nuna suka faɗo ki wanke ki shanya a inuwa, ki daka tafi ɗaya cike ga kowace lita ta ruwa, ki jiƙa ya kwana, ki tace da tsumma ki ɗan kaɗa sabulun wanki kaɗan don ya kama ganye, ki fesa da yamma sama da ƙasan ganyen, duk mako ki maimaita. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake da hana su girma, don haka ki ba shi kwana uku kafin ki ce bai yi ba, kuma sabo ake haɗawa kowane feshi. Ki bar kwana biyu ko uku kafin ki yanka ki wanke da kyau saboda ɗaci. Kaji da ƙadangaru kuwa tsohon gidan sauro da aka wanke ki kafa sanduna ki rufa. In abin ya fi ƙarfinki ki ɗauki ganyen a leda ki kai wa malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kabi, su gani da ido.

TAMBAYA: Kawu na gama sakandare bana, ina son in ci bashi in kama hekta ɗaya in yi albasa tunda na ga mutanen Aliero da ita sunka yi arziki. Ban taɓa noman rani ba amma na kalli bidiyo da yawa a YouTube. Shawara nika nema. Ɗanka daga Kalgo.

AMSA: Ɗana na ji daɗin zuciyarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, kada ka ci bashin nan bana. Gaskiya ne albasar Aliero ta yi suna har ƙasashen maƙwabta, amma mutanen da ka gani tun suna yara suke durƙushe cikin fangali. Albasa tana da wuyar sha'ani: mako shida zuwa takwas tana reno, a dasa ta ɗai-ɗai da hannu yatsu huɗu ko biyar tsakani, saiwarta gajera ce ba ta jure ƙishi, ganyenta siriri ba ya iya kokawa da ciyawa sai an bi ta da hannu, sannan wata uku zuwa huɗu bayan dashe kafin ta ƙosa. Hekta guda kuma sai injin ban ruwa da fetur da 'yan ƙwadago. In wuyanta ya fara karyewa ganye ya kwanta sai a yanke mata ruwa kamar mako biyu, wanda ya ci gaba da ba ta ruwa a lokacin a rudu, wato wurin ajiyar albasa, za ta ruɓe masa. Kasuwa kuma lokacin da kowa ke cira wajen Maris da Afrilu farashi a ƙasa yake, riba tana wurin wanda ya iya ajiya har ta yi tsada, mai bashi a wuya kuwa ba ya iya jira.

Ga kuma maganar iri, wadda ta taɓa cin kuɗina. Irin albasa ba ya daɗewa, in ya haura shekara yawancinsa ya mutu, kuma da ido ba ka bambancewa. Wata shekara na saya wurin wani a kasuwa ya yi ta rantsuwa sabo ne, na jira mako biyu komi shida babu abin da ya fito sai ɗai-ɗai, kafin in sake wani lokaci ya wuce. Tun ranar kowane iri sai na gwada: ka ƙirga ƙwaya 20 ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka aje a inuwa kana yayyafa masa ruwa, bayan kwana bakwai zuwa goma ka buɗe, in waɗanda suka tsiro ba su kai 14 ba kada ka sayi mai yawa.

Kalgo da Aliero ba nisa, ka sa mahaifinka ko kawunka ya haɗa ka da wani manomin albasa ka yi masa aiki ranin nan tun daga reno har zubawa a rudu, ka roƙe shi fangali biyu a gefe su zama naka. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta ranar shuka da ranar dashe da duk naira da ta fita har da kuɗin mashin. In ka cire a Maris ka rubuto mini kwano nawa fangali biyun suka ba ka da abin da ka kashe, sai mu zauna mu yi lissafin baɗi tare.